Amsa: me ya sa siririyar wayar lantarki ke zafi, mai kauri ba ta yi?

Ɗan'uwa, ka ce karan ɗin da ke bi ta wayoyin biyu ɗaya ne, to me ya sa siririyar kaɗai ke ɗaukar zafi? Ai inda gizo ke saƙar kenan. Karan shi ne yawan cajin da ke wucewa a kowane sakan, da amfiya ake auna shi, amma abin da ke gasa waya shi ne cunkoson karan, wato ka raba karan da faɗin bakin wayar in an yanke ta, J = I/A (J cunkoson, I karan, A faɗin bakin wayar).

Ɗauki amfiya 10. A waya mai murabba'in milimita 1 cunkoson 10 ne, a mai 2.5 kuma 4 kacal, kuma zafin da kowane ɗan gutsuren tagullar ke haifarwa da murabba'in cunkoson yake tafiya, wato cunkoson sau kansa, kaga 100 da 16 kenan, ba ƙaramar tazara ba ce wallahi. Kamar dai taron jama'a ne ta ƙaramar ƙofa, dole a goggogi juna.

Su elektiron ma, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin a cikin wayar, ba gudu suke ba fa, a waccan siririyar ba sa cin ko milimita 1 a sakan. In za ka jona hita ko dutsen guga, nemi mai kauri kawai, kar robar ta narke.