Kudin makaranta da siyasa

Dan'uwa, ka tambaya ko siyasa ce ke sa a kara ko a rage kudin jami'a. Wallahi akwai ta sosai. Duba Kaduna, a 2021 gwamnatin El-Rufai ta tsawwala kudin KASU, wato Jami'ar Jihar Kaduna, dalibai suka yi ta zanga-zanga, Uba Sani yana hawa a 2023 sai ya rage, alhali a lokacin jam'iyyarsu daya. A tarayya kuma gwamnati na cewa karatu kyauta ne, amma ba ta ba jami'o'i isasshen kudi, sai su BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, su kara kudin rajista, laifin ya fada kan shugabannin makaranta, sannan a ce dan talaka ya je NELFUND, asusun gwamnati na ba dalibai rancen karatu, ya ci bashi.