Ciyawar tsakar gida ta koma rawaya, wasu wurare sun bushe: me zan yi?

Malam Sani, ka ce kana ba ta ruwa kullum amma tana ƙara mutuwa, to kafin ka sayi taki ka je wajen da ya bushe ka ja ciyawar da hannu. In ta fito salin-alin ba saiwa, ka kuma ga ƙasa-ƙasa a jikinta, wallahi gara ce, kuma a nan Kaduna da hunturu ya shigo tun Nuwamba ita ke cin busasshiyar ciyawa, sai ka nemi maganin gara wajen masu kayan noma ka fesa da yamma, yara da kaji su yi nesa.

In kuma saiwar na nan daram, to ruwan ne. Yayyafi kullum ba ya ratsa jar ƙasarmu, gara ka jiƙa ta sosai sau 2 ko 3 a sati da sassafe. Ka kuma lura da yanka: ni a unguwar Barnawa mai yankan ciyawa ne ya kashe min tawa, yana aske ta har ƙasa kamar kan jariri. Ka ce wa mai yanka maka ya ɗaga injin.

Taki kuwa, NPK 15-15-15 ɗan kaɗan ka bi shi da ruwa nan take, in ba haka ba ƙona ta zai yi.