Kai matasa ziyarar juna bayan rikicin addini: abin da na gani

'Yar'uwa, kin tambaya ko kwasar matasa daga ɓangarori biyu da suka yi rikicin addini a kai su ziyarar juna yana da amfani, ko kuwa kashe kuɗi ne kawai a ɗauki hotuna. Na daɗe cikin masu shirya irin wannan ziyara, kuma a ganina abin ya rataya ne kan aikin da aka ba yaran idan sun haɗu.

Idan tara su za a yi a babban ɗaki, manya su yi ta jawabi, a raba takardun shaida a watse, to an yi ba a yi ba. Kowane ɓangare zai ja kujerunsa gefe guda. Kada ki ce taurin kai ne. Yaron da aka ƙone gidansu yana kallo, ko wanda tun yana ƙarami ake gargaɗinsa kada ya ƙetara wani titi, ba zai saki jiki don wani babba ya ce a yafi juna ba.

Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Gordon Allport, ya ce cuɗanya tana rage ƙiyayya idan an cika sharuɗɗa huɗu: a haɗu a matsayi ɗaya, da buri ɗaya, a yi aikin da sai an haɗa hannu, kuma manya su goyi baya. Na farkon ne masu shiri suka fi sakaci da shi. In kullum ɓangare ɗaya ne mai masauki, ɗayan baƙo, baƙon zai ji kamar an kawo shi neman afuwa. Shi ya sa nake son haɗuwar farko ta kasance a wurin da ba na kowa ba, daga baya kowa ya taka unguwar ɗan'uwansa. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar kowa ya kamata ta taka. Haka cibiyar Corrymeela, wadda Ray Davey ya kafa a 1965 a Ireland ta Arewa, ta riƙa karɓar 'yan Katolika da 'yan Furotesta, ɗarikun Kirista biyu da ke rikici a can, a wajenta, lokacin rikicin da ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998.

Sai dai kada ki sa rai ra'ayinsu zai sauya nan take. Alexandra Scacco da Shana Warren sun yi bincike a Kaduna, aka wallafa a 2018: an haɗa samari Musulmi da Kirista a azuzuwan koyon kwamfuta na mako 16. Abin da suke faɗa game da juna bai canja ba, amma da aka gwada su da rabon kuɗi, waɗanda suka zauna a aji mai gauraye ba su nuna wariya kamar waɗanda suka zauna da 'yan addininsu kaɗai ba. A Iraƙi ma, Salma Mousa ta sa Musulmi cikin ƙungiyoyin ƙwallon Kiristocin da ISIS ta raba da muhallansu. Bayan wata shida waɗannan Kiristoci sun fi waɗanda ba a sa Musulmi a ƙungiyarsu ba yin atisaye da Musulmi, amma hakan bai kai ga Musulmin da ba su sani ba. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani. Yaro zai ce miki, "Su dai ban yarda da su ba, amma wane daban ne." Ni wannan magana ba ta dame ni, domin ranar da jita-jita ta tashi, wanen nan zai kira a waya ya ji gaskiyar lamari kafin ya fito da makami.

Don haka a ba su aiki na gaske: gyaran aji, shirya gasa, koyon sana'a, a cakuɗa su cikin ƙananan rukunoni. Maganar wa ya fara kashe wa a bar ta sai an saba, kuma a sami wanda ya iya riƙe zaman idan hawaye ko faɗa ya ɓarke. Kada kuma a tsaya kan yaran kirki da malamai ke zaɓowa. Masu faɗa a ji a majalisar samari su ne abin nema. 'Yan mata ma a sa su, ana yawan mantawa da su.

Inda aikin ya fi wuya shi ne komawa gida. Daga 1975 shirin Project Children ya riƙa kai yaran Ireland ta Arewa hutu Amurka, amma suna dawowa unguwannin da katanga ta raba, kuma har yau wasu katangun suna tsaye a Belfast, babban birnin yankin. Yaron da ya dawo shi kaɗai yana yabon "waɗancan" zai sha sunan munafuki har ya yi shiru. Saboda haka a ɗauko su uku-uku ko huɗu-huɗu daga unguwa ɗaya, a zauna da iyayensu da limamai da fastoci tun kafin tafiya, kuma kada a watse sai an tsayar da ranar haɗuwa ta gaba, tare da ware kuɗin motarta.