Filin Tambayoyin Masu Karatu: Ƙyallen ƙofa ya ɓare a sabuwar mota

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ƴar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Dole, gidana kuwa yana Birni. Bayan ƙaramar Salla na sayi sabuwar mota dal a wurin wakilin kamfani a Yamai, ƙanena ya tuƙo ta zuwa Damagaram. Inji lafiya lau, sanyi na aiki, ba abin da zan ce. Sai dai ƙyallen da ke jikin ƙofar baya ta hannun dama ya fara ɓarewa daga gefe, kamar tsawon yatsa, tsakiyarsa kuma ya ɗan taso. Watan motar biyu ke nan a hannuna. Mai ɗinkin kujerun mota da ke kusa da tasha ya ce in ba shi jika uku ya manne mini shi kafin la'asar. Maigida ya ce abin kunya ne mutum ya tashi tun daga nan har Yamai a kan ƙyalle, ga shi wanda ya sayar mini mutumin kirki ne, har ragi ya yi mini. Amma duk sanda na buɗe ƙofar sai raina ya sosu. Garantin nan da suka ce na shekara 3 ne, ya shafi irin wannan, ko na inji ne kawai?

Wata Hajiya, Birni, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya.

Ya shafe shi. Garantin sabuwar mota, wanda kamfanoni da yawa ke bayarwa a ƙasashenmu na shekara 3 ko kilomita dubu 100, duk wanda ya riga cika, ba na inji kaɗai ba ne. Alkawari ne a kan duk wani aibi da ya fito daga masana'anta, ko na kayan da aka yi aiki da su, ko na haɗawa. Ƙyallen da ya saki jikin ƙofa cikin wata biyu, ba wanda ya ja shi, ba abin da ya yanke shi, aibin haɗawa ne: gam ɗin bai kama ba tun can. Abin da garanti ba ya ɗauka shi ne lalacewar yau da gobe da ɓarnar hannu, irin su ƙunar taba, tabon man ja, yagewar da ƙusar buhu ta yi, ko kuma aikin da wani ya yi wa motar ba da izinin kamfani ba.

Wannan na ƙarshen shi ya sa zan roƙe ki ki riƙe jikarki uku. Ba raina mai ɗinki nake ba. Na san masu wannan sana'a a garin nan da za su ɗinke kujerar tsohuwar mota ki rantse daga kanti ta fito. Amma bari in gaya miki abin da zai faru a rumfarsa. In ya ce zai yi aikin tsaf, sai ya cire duk marfin cikin ƙofar, wato allon robar da ƙyallen ke manne a jikinsa. Marfin nan ƴan kusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, sauran duk ƙananan maƙalai ne na roba, waɗanda ake ɓalle su da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu. Wanda ba shi da ƙarfen sai ya zura sukudireba, maƙali biyu ko uku su karye, fentin gefen ƙofa ya kuje. A bayan marfin akwai wata leda da aka manne da baƙin danƙo, ita ke hana ruwa da ƙura shigowa cikin mota. In ta yage ba a maido ta daidai ba, hazon hunturu zai nuna miki wurin. Ga wayoyin maɓallin gilashi da na sifika. In kuwa bai cire ba, ta gefe zai tura gam da tsinke, gam ya ratso ƙyallen ya bar tabo mai duhu. Sannan gam ɗin kwalba na masu takalmi ba ya jure zafin cikin mota. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan wuce 60. Ƙyallen zai sake saki. Ranar da kika kai wa kamfani, shugaban gareji ba sai ya yi dogon bincike ba, warin gam kaɗai ya ishe shi ya ce an taɓa, garantin wannan ƙofa ya tashi.

Sai batun kunya, wanda ina ganin shi ne ainihin abin da ya tsaya miki a rai, ba ƙyallen ba. Ki gai da maigida Alhaji da kyau, ki ce masa mutumin da ya yi miki ragi ko dala ba zai fitar daga aljihunsa ba. Yadda abin yake, gareji ya gyara, ya tura takarda da hotuna, masana'anta ta biya kuɗin kaya da na aiki. Masana'antar kuma ta riga ta lissafa kuɗin irin wannan gyara ta zuba a cikin farashin da kika biya. Ba alfarma kike nema ba, kayanki ne. Ke da kanki, in mai saye ta dawo miki da turmin atamfa ta nuna miki inda zanen ya zame tun daga kamfani, ai ba za ki ce ta yi rashin kunya ba, mayar wa dila za ki yi.

Abin da bai kamata ki yi wasa da shi ba shi ne lokaci. Mutane suna jin shekara 3 sai su miƙe ƙafa. Ga inji hakan da sauƙi, domin fistan da ya fashe ba wanda zai ce yara ne suka fasa shi. Kayan cikin mota ba haka suke ba. Yau a wata biyu kowa zai yarda aibin masana'anta ne. Bayan shekara ɗaya da rabi, da ƙura ta shige ƙarƙashin ƙyallen, bakinsa ya yi baƙi, ɓarewar ta kai tsawon hannu, sai a fara tambayarki ko kina ɗaukar yara a baya, ko kina loda kaya, ko a rana motar ke yini. Kowace amsa kika bayar za ta iya zama dalilin ƙi. Wasu kamfanonin ma a littafinsu sun ware ƙananan gyare-gyare, irin ƙarar marfi da daidaita ƙofa, sun ba su wa'adin da bai kai na sauran motar ba. Ki ɗauko littafin garantin daga aljihun gaban mota, ki sa a karanta miki shafin abubuwan da aka cire.

Saboda haka yau ɗin nan, ba sai kin taka ko'ina ba, ki fito da motar inda haske yake ki ɗauki hoto. Ɗaya daga nesa yadda za a ga ƙofar duka a gane wace ce, ɗaya kusa da inda ya ɓare, ki aza yatsa a gefe don a ga girmansa, amma kada ki ja. Ki ɗauki agogon kilomita yana kunne. Ki ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana jikin kart giriz ɗinki, wato takardar rajistar mota, yawanci kuma akwai ta a wata ƴar takarda da aka manne a ginshiƙin ƙofar gaba. Wannan takarda ta ginshiƙi sau da yawa tana ɗauke da lambar launin kayan ciki, da ita ake odar marfin da zai dace da sauran ukun, don haka ita ma ki ɗauke ta sosai.

Ki tura wa sashen gyara na kamfanin, ba wanda ya sayar miki kaɗai ba. Mai sayarwa aikinsa ya ƙare ranar da ya miƙa makulli. Zai ce miki “ba komai Hajiya, in kin shigo a duba”, da zuciya ɗaya zai faɗa, amma maganar ba ta shiga kowane littafi ba. Kuma ki rubuta, ko ki sa ƙanenki ya rubuta da Faransanci. Na san mu mutanen saƙon murya ne a WhatsApp, sai dai saƙon murya ba ya shiga fayil. Layi huɗu sun isa: ga motata, ga lambar shasi, ga ranar saye, ga kilomita, ga aibin da na gani, ina neman gyara a ƙarƙashin garanti. Ki nemi su buɗe miki takardar gyara su turo hotonta, da kwanan wata da hatimi. Wannan kwanan watan shi ne makaminki. Ko da marfin ya yi wata uku bai iso ba, an riga an shaida cewa kin kai ƙara motar tana sabuwa.

A kan tafiya kuwa Alhaji yana da gaskiya, rabi. Daga nan zuwa Yamai, ta Tasawa da Maradi da Ƙonni da Doso, kusan kilomita 900 ne, zuwa da dawowa 1,800. In motar tana shan lita 10 a kilomita 100, lita 180 ke nan, ban da masauki da abinci da kasuwar da aka rufe. Ba mai hankalin da zai yi wannan sau biyu a kan ƙyalle, a je a nuna, a dawo, a sake komawa ranar da kaya suka iso. Ki nemi su yi hukunci da hotuna, su yi odar marfin, sai ya iso sun tabbatar miki yana hannunsu sannan motar ta tashi. Galibi marfin duka ake sakewa, domin a motoci da yawa ɓangaren ƙyallen a narke yake da jikin robar, ba a sayar da shi dabam. Sa shi kuwa ba ya cin yini. Ki haɗa tafiyar da juyen baƙin mai da littafinki ya tsara, wanda dama sai an buga masa hatimi in kina son garantin inji ya tsaya da ƙafarsa, ko da ranar da za ki sarin kaya. Kina iya tambayarsu ko suna da garejin da suka amince da shi a kusa, ko bakaniken da ke zagayowa yankin nan, ko za su aiko da marfin a motar kamfanin sufuri su ba da izinin a sa shi a nan. In sun yarda, izinin ya zama a rubuce.

Wani zai ce miki ga Kano nan kusa, kilomita 240 ko makamancin haka. Kusa ne, amma wakilin can dabam ne da na nan, ba lallai ya karɓi garantin motar da aka sayar a Nijar ba. Kada a tsallaka iyaka sai an kira an ji daga bakinsu.

Ranar karɓa, kada ƙanenki ya sa hannu a cikin duhun gareji. Ya fito da motar rana, ya gwada launin sabon marfi da na ɗaya ƙofar, ya ɗaga gilashi ya sauke, ya kulle ya buɗe ta ciki da ta waje, ya kunna rediyo ya kasa kunne a sifikar wannan ƙofa, ya bi gefen fenti da yatsa. Ya karɓo kwafin takardar da ta nuna ba a biya komai ba. Tsohon marfin za su riƙe, kada ya yi musu a kai, masana'anta kan nemi ganinsa. In kuwa suka ce ba za su gyara ba, ki ce su rubuta dalili su sa hannu, ki kai wa shugaban kamfanin tare da hotunanki na farko. Na sha ganin “a'a” ta baki ta narke da zarar an miƙa biro.

Kafin nan, ki sa makullin yara a wannan ƙofa, ki hana mai wankin mota goga mata fetur ko man ƙyalli, ki kuma nema wa motar inuwa a bakin kasuwa.

TAMBAYA

Malam, na sayi mota a hannun wani ɗan kasuwa da ke shigo da su daga Dubai. Sabuwa ce, ledar kujera ma ba a cire ba, ya ce da garantinta. Yanzu ɗinkin gefen kujerar direba ya fara warwarewa. Ina zan kai?

Wani malamin makaranta, Sabon Gari

AMSA

Malam, ka buɗe littafin garantin ka duba shafin farko. In ba hatimin dila, ba ranar miƙa mota, ko kuma an rubuta ƙasashen da garantin ke aiki babu Nijar a ciki, to wakilin kamfani a Yamai ba dole ba ne ya karɓe ka. Garanti yawanci yana bin yankin da aka ƙera wa motar ne, ba ya bin ta duk inda jirgin ruwa ya sauke ta. Ba ka asarar komai in ka tura musu lambar shasi ka tambaya. In sun ce babu, maganarka da wanda ya sayar maka ce, tunda shi ya furta kalmar garanti. Ka same shi da faktir ɗinka, wato takardar sayen motar, da wanda ya shaida cinikin, ku yi magana ta mutunci. Haƙƙin mai saye a kan aibin da ya ɓoyu lokacin ciniki sananne ne a wurin malamanmu na fiƙihu, dokar ƙasa ma ta san da shi.

Abu ɗaya kafin kowa ya zura allura. Ka duba gefen kujerar ta wajen ƙofa. In ka ga ɗan ƙyalle ko tambari da aka rubuta SRS, akwai jakar iska ta kariya a ciki, kuma wannan ɗinki an yi shi ne da zare na musamman don ya tsinke lokacin hatsari jakar ta fito. In aka maye shi da zaren takalmi mai ƙarfi, ko aka lulluɓe kujerar da riga mai kauri, jakar tana iya kasa fita yadda aka tsara. Irin wannan kujera sabuwar rigarta ta kamfani ake nema a sa, kuɗin kuwa shi ne abin da za ku zauna a kai da mai sayarwa.