Ina takardun Bram Stoker suke?

Malam, ka tambayi inda aka ajiye takardun Bram Stoker, marubucin littafin Dracula, ɗan Dublin ɗin nan da ya fara sharhin wasan kwaikwayo a jaridar Dublin Evening Mail kafin ya koma Landan a 1878 ya riƙe harkokin gidan wasan Lyceum na ɗan wasan kwaikwayo Henry Irving. To, ba wuri ɗaya suke ba. Bayan rasuwarsa a 1912, matarsa ta yi gwanjon wasu a 1913. Rubuce-rubucen da ya yi yana shirya littafin Dracula suna gidan tarihi da laburare na Rosenbach a Filadelfiya, Amurka. Wasiƙun da aka aiko masa kuwa, tarinsu yana Jami'ar Leeds a Ingila. Ni dai da Leeds zan fara, don nan ake ganin mutumin a bakin aikinsa na kullum.