Su wa suka zana fastocin finafinan kaboyi na da?

Tambaya: Marigayi mahaifina ya bar mini tsohuwar fastar wani fim ɗin kaboyi. Na lura zanen hannu ne, ba hoto ba, kuma babu sunan mai zanen a jiki. Me ya sa haka, kuma ina salon ya samo asali?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗan'uwa. Salon nan ya girmi fim ɗin kansa. Tun 1883 Buffalo Bill yake yawo da wasansa na dawakai da harbi a garuruwan Amurka, kuma kafin ayarin ya iso gari sai an lulluɓe bangwaye da manyan zane-zane masu launi. Ga kuma masu zane irin su Frederic Remington da Charles Russell, waɗanda suka saba wa idon jama'a da kaboyi bisa doki a tsakiyar fako. Masu fim sun tarar da wannan ne suka ɗora a kai.

Dalilin zanen hannu kuwa yana wajen bugu. Da maiƙo ake zana hoton a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, sai tawada ta kama inda maiƙon yake kaɗai. Kowane launi da nasa dutsen. Yawancin finafinan lokacin baƙi da fari ne, amma fasta tana fitowa da jan sama da ƙura ruwan ƙasa, har ma a ga faɗan da babu shi a cikin fim ɗin. Aikinta ta tsayar da mai wucewa ya sayi tikiti. Girman da aka fi bugawa inci 27 ne a faɗi, 41 a tsawo.

Rashin suna shi ne abin da ke min ciwo. Kamfanonin Holiwud sun ɗauki masu zanen a matsayin ma'aikatan talla, ba kasafai ake barinsu su sa hannu ba. Sai daga baya aka san irin su Reynold Brown, wanda ya zana fastar The Alamo ta 1960. Italiya ta fi mutunta nata. Can Sandro Symeoni ya zana wa fim ɗin Sergio Leone na 1964, wanda ya ɗaga Clint Eastwood, Renato Casaro kuma ya yi wa finafinan kaboyi na Trinity. A ganina nasu ya fi rai: fuska kusa-kusa, ido a tsuke, gumi da ƙasumba.

Siffar ta kai har siyasa. A zaɓen Poland na 4 ga Yuni 1989, mai zane Tomasz Sarnecki ya ɗauko jarumi Gary Cooper na fim ɗin kaboyi High Noon a fastarsa, ya sa masa takardar ƙuri'a a hannu maimakon bindiga.

Yanzu ka duba ƙasan taka. Daga wajen 1940 kamfanin National Screen Service ne ya riƙa rarraba yawancin fastocin finafinan Amurka, yana buga lamba a gefen ƙasa. Lambobi biyun farko shekarar fim ɗin ce, idan da harafin R a gaba to sake fitarwa aka yi. Alamar ninki kada ta dame ka, a lokacin a ninke ake aika su gidajen silima. Kada dai ka manna mata leda ko salatif, kuma ka nisanta ta daga rana da laima.