Gorar Taurari Ta Ƙananan Yara: Inda Taka Ta Ɓaci

Sagir ya jera gora uku a kan bencin shago a Sabon Garin Zariya, ya ce: "Maigida, malamar nasare ɗin nan ta Tudun Wada tana son gora 30 masu kama da sararin sama da dare, irin waɗanda yaro zai girgiza ya zauna yana kallon taurari na sauka har kukansa ya lafa. Na gwada uku. Ta farko ƙyallin ya zube ƙasa kafin in ƙirga goma, ta biyu ta yi fari fat kamar nono, ta uku kuma tana tsiyaya ta murfi. A ina na kuskure?"

To, jawo kujera ka zauna, Sagir. Dukkan ukun laifin kayan haɗi ne, hannunka lafiya lau yake.

Fara da sanin abin da malamar take saye. Lokaci take saye. Yaro ɗan shekara uku ya fusata, an miƙa masa gora, ya jijjiga ta da iya ƙarfinsa, sai idonsa ya bi ƙyallin yana juyawa yana sauka a hankali, numfashinsa ma ya bi sahu. Idan komai ya kwanta cikin daƙiƙa goma, yaron bai ko gama shan majina ba an gama wasan. Idan kuma ya kai minti goma bai kwanta ba, ya gaji ya wurgar da ita. Abin da muke nema minti biyu zuwa uku ne, kuma da agogon waya ake auna shi, ba da ido ba.

Gorarka ta farko ruwa zalla ka zuba, shi ya sa. Ruwa ba shi da kaurin da zai riƙe ƙyalli. Abu biyu ne ke ba shi kauri ba tare da ya dusashe ba: gam mai haske garau irin na 'yan makaranta, wanda ake samu wurin masu sayar da littattafai, ko kuma gilisarin na kemis da na masu kayan kek. Ta biyun kuwa na gane tun daga nesa, Top Bond ka sa. Wannan gam ɗin kafintoci sai ya bushe yake yin haske, a cikin ruwa kuwa fari zai zauna har abada. Kada ka sake kusantar da shi.

Wani zai ce maka ga ƙaro nan da arha a kasuwa, ai shi ma gam ne. Gaskiya ne yana narkewa kuma yana ba da kauri, amma ruwansa ɗorawa-ɗorawa yake, kuma bayan 'yan kwanaki a wannan zafin sai ya yi tsami ya fara wari. Don gwajin yini ɗaya babu laifi, don kayan da za a biya ka kuɗi a kai kuwa a'a.

Yanzu gorar kanta. Waccan ta ruwan sha da ka ɗauko robarta ta yi laushi, yaro na matsa ta sai ta lotse, kuma layukan da ke jikinta suna karya kallo. Nemi gorar lemon kwalba ta roba mai 35cl, wadda jikinta ya fi santsi kuma ba ta da launi. Robarta ta fi kauri don an yi ta ne ta jure iskar gas, murfinta ma haka. Mai 50cl ta yi wa hannun ɗan shekara biyu nauyi, don in ta cika ta haura rabin kilo, ranar da ya jefi ɗan'uwansa da ita za ka ji labari. Kwalbar gilashi kuwa ba ma a maganarta. Ka ɓare takardar jikinta tas, ka goge danƙon da ya rage da ɗan man gyaɗa a tsumma, sannan ka wanke da sabulu ciki da waje ka kife ta bushe. Man kada ya shiga ciki.

Ga ma'aunin gora ɗaya mai 35cl. Gam mai haske mililita 70, ruwa mililita 250. Sirinjin 20ml marar allura ya ishe ka awo, ko murfin maganin tari mai layuka. Wannan kusan kashi ɗaya na gam ne cikin biyar, kuma mafari ne kawai, don gam na wannan kamfani ba ya zuwa daidai da na wancan. In gilisarin za ka yi amfani da shi kaɗai, zai ci kusan rabin gorar kafin ka ga irin wannan jinkirin, saboda da zarar ya haɗu da ruwa kaurinsa raguwa yake sosai. Shi ya sa gam ya fi sauƙin kuɗi, gilisarin kuma na fi son a ajiye shi don gyara: in ka auna ka ga saukar ta yi sauri, ka ƙara cokali biyu ka sake aunawa.

Ruwan ya zama wanda aka tafasa aka bari ya huce, ko fiya wata. Ruwan rijiya ɗanye in ya zauna a gora yana ganin haske sai ya yi gansakuka, na wasu burtsatse kuma yakan sa haɗin ya yi hazo. Sannan kula da zafinsa, nan ne yara da yawa ke ɓata aiki. Gam ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, sai ya yi zare-zare, ƙyalli ya manne masa ya dunƙule kamar gudajin koko. Tafasasshen ruwa kuma yana lanƙwasa gorar, don irin wannan robar tana fara laushi ne tun wajen digiri 70, bakin ya karkace, murfi ya daina zama. Saboda haka a kofi ko bokiti za ka dama, da ruwa mai ɗumin da yatsanka zai jure, ka juya har ka daina ganin zaren gam, sannan ka ɗura da mazurari.

Launi shi ne inda zuciya ke ruɗin mutum. Kana son duhun dare, sai ka yi ta ɗiga kala har gorar ta koma kamar tawadar allo, taurarin su ɓace a ciki. Kalar abinci ta masu kek za ka saya, shuɗiya, ɗigo biyu ko uku. Ka kunna fitilar waya a bayan gorar: in hasken ya ratso har ka ga yatsunka, daidai ne, in bai ratso ba ka zubar da kashi ɗaya cikin uku ka cika da haɗin da ba kala. Bula da shuni ba sa narkewa a ruwa, kwanciya za su yi a gindi su bar maka laka. Wasu na ƙara ɗigon ja don ya ba da ruwan hoda mai duhu, kuma ba ƙarya yana da kyau, amma ni ban yarda da shi ba a nan garin. Jan ruwa mai duhu a gorar lemo, ai duk yaron Zariya zoɓo zai gani. Ka tsaya a shuɗi, babu abin shan da ya saba da shi mai wannan launin.

Sai ƙyallin. Girmansa ne ke yanke saurin saukarsa, kuma bambancin ba kaɗan ba ne: ƙwayar da ta kai rabin wata a girma takan yi kusan ninki huɗu na lokacinta kafin ta kai ƙasa. Don haka iri biyu za ka haɗa. Mai laushi kamar gari, ruwan azurfa, cokalin shayi ɗaya da rabi, shi ne zai tsaya yana murɗawa kamar hayaƙi, shi ne kuma ainihin abin da ke riƙe idon yaro. Mai ɗan girma, ruwan zinare, rabin cokali, shi zai fara sauka. A kan wannan ka ƙara 'yan taurarin roba irin waɗanda teloli ke liƙa wa kayan amare, kamar 15 zuwa 20, da jinjirin wata guda ɗaya tak in ka samu. Guda ɗaya na ce, don yaro ya samu abin nema. In malamar na da dabara sai ta ce masa ya nemo wata, ya nemo Zara a kusa da shi, ko ta tambaye shi ina kaza da 'ya'yanta. Kafin ka sayi ƙyalli da yawa, jiƙa ɗan kaɗan a kofin ruwa ya kwana. Na banza da safe za ka tarar ya saki launinsa a ruwan ya koma toka-toka. Na takarda kuwa narkewa yake.

Za ka ga wani ƙyallin ya ƙi nutsewa, ya taru a saman ruwa ya manne a wuyan gora. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka na ruwa ya ishe shi. Ɗaya fa. In ka yi biyu ko uku, duk girgiza sai kumfa ta cika sama ta rufe kallon.

In ana son duniyoyi, duwatsun ado na roba guda takwas sun wadatar, tunda takwas ne ke kewaya rana: ja ɗaya a matsayin Mirrihu, babba ɗaya a matsayin Mushtari, shuɗi mai kore a matsayin tamu, sauran yadda ka samu. Na gilashi faɗawa suke ƙasa tim kamar tsakuwa, suna ƙwanƙwasa gora, wanda ba ka so a kayan kwantar da hankali. Na ƙarfe tsatsa suke yi. Na roba kuma sai ka gwada su ɗaya-ɗaya, wasu su yi iyo a sama, wasu su nutse. Gilisarin ya fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai kilo 1.26, saboda haka yawansa a haɗin yana sa dutsen roba ya riƙa sauka a hankali kamar mai shawagi. Masu haske cikin duhu ma ana samu, a shanya su a rana ko a haska musu tocila na 'yan mintuna, in an ɗauke wuta su yi ta ƙyalli. Amma kada ka yanka sandar nan mai haske ta bikin yara ka tsiyaye ruwanta a ciki, kada ka sa fitila mai ƙaramin batir irin na agogo, kada ka sa maganaɗisu, kada ka sa ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa. Batir, maganaɗisu da ƙwallayen nan in yaro ya haɗiya, abin na iya kaiwa ga tiyata. Man jarirai ma da wasu ke zubawa don ya raba ruwa gida biyu, ka bar shi, in ya sarƙe yaro ya shiga huhu haɗari ne babba.

Ka bar sarari kamar faɗin yatsa ɗaya a sama. In ka cika ta maƙil ba za ta girgizu da kyau ba, in ka bar iska da yawa kuma sai kumfa da ƙarar ruwa. Ka rufe da hannu kawai, ba gam, ka bar ta ta kwana. Ƙananan kumfar da suka sa ta hazo za su tashi, ruwan ya huce, sai washegari ka auna lokacin gaskiya. Ka kuma tuna da yanayi: haɗin da ya ba ka minti uku a sanyin Janairu zai yi sauri a zafin Afrilu, don zafi na tsinka kauri. In da hunturu kake haɗawa, ka bar shi ya ɗan fi kauri kaɗan.

Murfi yanzu, wanda ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci, don duk abin da ke cikin gorar nan ƙanana ne da za su iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba. Taka ta tsiyaya ne saboda ka ɗiga sufa gulu a kan jiƙaƙƙen baki. Robar murfi irin wadda gam ba ya kamawa da kyau ce, sufa gulu kuma in ya bushe ƙamewa yake ya tsattsage, ga farin tabo da yake bari. Ka goge bakin gorar da cikin murfin su bushe ƙayau. Ka ɗan kankare zaren bakin gorar, wato layukan da murfi ke murɗuwa a kai, da sanfefa mai laushi don gam ya samu wurin kamawa. Ka zagaya gam ɗin kyandir mai zafi a kan zaren gorar, ba a leɓenta ba, ka murɗa murfin nan take har ƙarshe kafin ya daskare. Leɓen gora da cikin murfi su ke tare ruwa, gam aikinsa hana yaro kwancewa ne. Daga nan ka naɗe mahaɗar da baƙin salatif na masu wayarin zagaye huɗu, kana ja yana miƙewa, rabi a kan murfi rabi a kan wuya.

Kowace gora sai ta ci jarrabawa kafin ta bar shagon nan. Ka matse ta da hannu biyu ka duba wuya. Ka sake ta daga tsayin ƙugunka a kan siminti sau uku. Ka kifa ta a kan tsohuwar jarida ta kwana, in da safe ka ga ɗigon shuɗi ko ɗaya, canza murfi. Sannan ka gwada kwancewa da ƙarfinka, in ta motsa a hannunka za ta buɗe a haƙorin yaro.

Na gora 30 kuwa kada ka tsaya haɗa su ɗai-ɗai, launi zai bambanta. Gam lita 2.1, ruwa lita 7.5, ka dama a bokiti ɗaya, ka sa kala a nan, ka cika gora guda ka gwada ta kwana kafin ka taɓa sauran. Ƙyallin ne kawai za ka auna wa kowace gora daban, don in ka zuba a bokiti zai kwanta, na farko su fito fayau, na ƙarshe su cushe.

Ranar kai kaya ka gaya wa malamar abu uku da bakinka. Kada a bar yaro da ita shi kaɗai ba babba a kusa. Kada a ajiye ta a taga inda rana ke duka, kalar za ta koɗe, kuma gora mai ruwa tana iya tattara hasken rana wuri ɗaya har ta ƙona tabarma ko takarda. Ta kuma riƙa duba salatif ɗin duk mako, wadda ta ga an ciccije ko ta fara jiƙa ta dawo mana da ita. In ta tambaye ka ko tana maganin yaro mai yawan rigima, ka ce mata kayan wasa ne da ke taimaka wa wasu yara su natsu, mu ba magani muke sayarwa ba.

Waɗannan ukun ka zubar da ruwansu. Gorar ta uku ce kawai mai kaurin da za a sake amfani da ita, ka wanke ta, ka je wurin mai littattafai ka karɓo gam ƙarami ɗaya mu fara gwadawa da shi kafin mu sayi na lita biyu.